George Handel (1685–1759): Makaɗin Da Waƙarsa Ta Fitar Da Mutum 142 Daga Gidan Kaso

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a daren Talata ko Laraba ya san waƙar nan da ake sakawa sa'ad da 'yan wasa suka jeru, kafin a take wasan Gasar Zakarun Turai. A 1992 aka shirya ta, amma tushenta ya girmi ƙwallon ƙafar kanta, domin daga wata waƙar coci aka ɗauko shi, wadda aka fara rerawa a Landan a 1727 ranar naɗin sarkin Ingila. Wanda ya tsara waccan waƙa shi ne George Frideric Handel, Bajamushen da ya bar garinsu yana saurayi, ya ƙetare iyaka bayan iyaka, ya ci riba ya kuma yi asara a kasuwar kiɗa, daga ƙarshe ya mutu yana ɗan ƙasar Ingila. Tun yana raye ake gardama a kan waƙoƙinsa na addini: a ina ya dace a rera su, wa ya dace ya rera su, kuma mutum nawa. Wannan gardama ta bi shi har kabari, ta kuma wuce.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Handel ranar 23 ga Fabrairu 1685 a garin Halle na ƙasar Jamus. Mahaifinsa wanzami ne irin na Turawan wancan zamani, wato mai aski da kuma fiɗa, kuma ya haura shekara 60 lokacin da aka haifi yaron. Mahaifiyarsa Dorothea 'yar wani limamin coci ce. John Mainwaring, wanda ya fara rubuta tarihin Handel a 1760, ya nuna cewa uban ya so ɗansa ya karanta shari'a, ba ya ko son ganin kayan kiɗa a gidansa. Sai wata rana basaraken Weissenfels, wanda uban ke yi wa aiki, ya ji yaron yana kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan nan na coci mai bututu da yawa da iska ke busawa, ya ce lalle a nema masa malami. Aka kai shi wurin Friedrich Zachow, makaɗin ogan na cocin da ke bakin kasuwar Halle, kuma shi kaɗai ne malamin da Handel ya taɓa zama a gabansa.

Uban ya mutu a 1697. A 1702 Handel ya shiga jami'ar Halle, ya kuma samu aikin kaɗa ogan a wani coci na shekara guda. Da shekarar ta cika sai ya tattara nasa ya nufi Hamburg, babban birnin fatauci mai tashar jiragen ruwa, inda ya samu aikin goge a gidan ofera. Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa, da kaya da ado da makaɗa. A can ne a 1704 faɗa ya haɗa shi da abokinsa Johann Mattheson a kan wanda zai zauna kujerar jagoran makaɗa, har suka zare takubba. Mattheson ya rubuta daga baya cewa wani babban maɓalli na rigar Handel ne ya tare tsinin takobin. Suka shirya, kuma a Janairun 1705 aka nuna oferar Handel ta farko, mai suna Almira, yana ɗan shekara 19.

Kiɗan da ake kira barok

Kafin mu bi shi Italiya, yana da kyau a san irin kiɗan da ake magana a kai. Masana suna kiran kiɗan Turai na tsakanin wajen 1600 zuwa 1750 da sunan barok. Turawa suna rubuta kiɗa a takarda da wasu alamomi, ta yadda makaɗin da bai taɓa jin waƙa ba zai dubi takardar ya kaɗa ta. To amma takardar zamanin barok ba ta faɗin komai. Sau da yawa ba ta ƙayyade saurin da za a bi ba, ba ta ce mutum nawa za su yi amshi ba, kuma an bar wa mawaƙi damar ya ƙara nasa adon murya idan ya dawo maimaita baitin farko. Saboda haka waƙa guda za ta iya fitowa da daɗi a bakin wasu, ta fito a hargitse a bakin wasu, alhali takarda ɗaya suke dubawa. Daga nan ne sana'ar masu sauraro su yanke hukunci ta samo asali.

Makaɗin wancan zamani kuma dole ya samu ubangida, ko sarki ko coci ko attajiri, kamar dai makaɗan fada. Abin da ya bambanta Handel shi ne, a hankali ya mayar da mai sayen tikiti ya zama babban ubangidansa.

Zamansa a Italiya

A 1706 ya tafi Italiya, inda ya yi kusan shekara huɗu. A birnin Rum Paparoma ya hana ofera a lokacin, don haka manyan malaman coci da attajirai suka koma ɗaukar nauyin waƙoƙin addini a gidajensu. Handel ɗan ɗarikar Luther ne, amma malaman Katolika suka karɓe shi hannu biyu, shi kuma bai sauya ɗarika ba. A Afrilun 1707 ya kammala Dixit Dominus, waƙar da aka gina a kan wata sura ta Zabura da harshen Latin, wadda har yau mawaƙa ke jin tsoronta saboda wuyarta.

A bikin Ista na 1708 aka rera wata babbar waƙarsa a kan tashin Almasihu a gidan wani attajiri mai suna Ruspoli, shahararren mai goge Arcangelo Corelli yana jagorantar makaɗa. Wata mace, Margherita Durastanti, ita ta rera ɓangaren Maryamu Magadaliya. Da labari ya kai ga Paparoma Clement na 11 sai ya aika da tsawatawa, domin an hana mata rera waƙa a bainar jama'a a Rum, aka maye gurbinta da namiji a rana ta biyu. Wannan ne karo na farko da aka soki aikin Handel na addini saboda wanda ya rera shi. A ƙarshen 1709 oferarsa Agrippina ta yi kasuwa a Benis, birnin nan da ke bisa ruwa, aka nuna ta sau 27.

Landan: riba da asara

A 1710 mai mulkin Hanover a Jamus, Georg Ludwig, ya naɗa shi sarkin kiɗan fadarsa. Bai daɗe ba ya nemi izini ya leƙa Landan, inda oferarsa Rinaldo ta ja jama'a a Fabrairun 1711. Ya koma Hanover, ya sake neman izini a 1712 bisa sharaɗin zai dawo, amma bai dawo ba. Sarauniya Anne ta yanka masa fam 200 a shekara bayan waƙar godiya da ya tsara a 1713. Sai ga shi a 1714 Sarauniya ta mutu, kuma wanda ya gaje ta shi ne ubangidan nan da Handel ya baro a Hanover, wanda ya zama Sarki George na 1. Sarkin bai riƙe shi a zuci ba. A Yulin 1717 Handel ya yi masa kiɗa a bisa kogin Thames da makaɗa kusan 50 cikin kwalekwale, Sarki ya sa aka maimaita har sau uku. Daga baya kuɗin da fada ke ba shi ya kai fam 600 a shekara.

A 1719 manyan Ingila suka haɗa hannun jari suka kafa kamfanin ofera, suka ɗauki Handel ya jagoranci kiɗa, ya kuma je ƙasashen waje ya ɗauko mawaƙa 'yan Italiya da tsada. Shi ma kansa yana zuba kuɗinsa a hannun jari, kuma a nan akwai tabo a tarihinsa. Masu bincike sun samu sunansa a takardun 1720 na Royal African Company, kamfanin da ke cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, wanda babban sansaninsa ke Cape Coast a ƙasar Gana ta yau. Wasu masana suna ganin wani ubangidansa ne ya biya shi ladan aiki da hannun jarin, shi kuma ya sayar nan da nan. Ko ma yaya ne, da yawa daga attajiran da suka ɗauki nauyin kiɗansa suna da hannu a wannan mugun ciniki.

A Fabrairun 1727 majalisar dokoki ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. A watan Oktoba na shekarar aka naɗa George na 2 a cocin Westminster, Handel ya tsara waƙoƙi huɗu. Ɗaya daga ciki, mai suna Zadok the Priest, ita ce tushen waƙar ƙwallon da muka ambata, kuma tun daga ranar ba a naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba tare da an rera ta ba, har naɗin Sarki Charles na 3 a 2023. Amma a ranar farko abin bai tafi daidai ba. Babban limamin Canterbury, William Wake, ya rubuta a gefen takardarsa ta tsarin biki cewa waƙa ta rikice, kiɗan ya fita daga tsari.

Kasuwar ofera kuwa ta fara lalacewa. Mawaƙa suna cin kuɗi da yawa, magoya bayan manyan mawaƙa mata biyu, Cuzzoni da Faustina, suka yi ta ihu a kan juna har wani wasa ya watse a 1727, kuma yawancin 'yan kallo ba sa jin Italiyanci. Kamfanin ya rushe a 1728. Handel ya ci gaba da kuɗin kansa da na abokin hulɗa, sai a 1733 wasu manya suka buɗe kamfanin kishiya suka janye masa mawaƙa. Gari ɗaya ba zai ɗauki rumfa biyu irin wannan ba, duk biyun suka yi ta asara. A Afrilun 1737 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, yatsu huɗu na hannun damansa suka daina aiki. Ya tafi wankan ruwan zafi a garin Aachen, ya dawo da lafiyarsa. Oferarsa ta ƙarshe, cikin sama da 40 da ya tsara, sau uku kawai aka nuna ta a 1741.

Sauya haja

Mafitar ta zo masa ne tun 1732 ta hanyar masu satar fasaha. Wasu suka sa talla za su rera wata tsohuwar waƙarsa a kan labarin Esther ba da izninsa ba, kuma babu dokar da za ta hana su. Maimakon ya tsaya ƙorafi, sai ya faɗaɗa waƙar ya ƙara mata sababbin ɓangarori, ya fitar da tasa a watan Mayu. Masanin tarihin kiɗa Charles Burney ya ruwaito cewa bishop ɗin Landan ya hana a kwaikwayi labarin Littafi Mai Tsarki a kan dandamali, don haka mawaƙan suka tsaya cik suka rera, babu kayan wasa babu kwaikwayo. Irin wannan shi ake kira oratoriyo.

Ɗan kasuwa zai gane ribar abin nan take. Babu kuɗin ɗinki, babu kuɗin ƙawata dandamali, mawaƙan gida sun fi na waje araha, ana rerawa da Turancin da kowa ke ji, kuma labaran Annabi Musa da Sarki Dauda da Sulaiman kowa ya san su. Ga shi kuma a lokacin azumin Kirista an hana wasan kwaikwayo ranakun Laraba da Juma'a, gidajen wasa suna zaune a banza. Handel ya cike waɗannan ranaku da oratoriyo, a tsakiyar shiri kuma shi da kansa yana kaɗa ogan. Ba kullum aka saya ba. A 1739 jama'a suka guje wa waƙarsa a kan fitar Bani Isra'ila daga Masar, saboda amshin taro ya yi yawa, waƙar mutum ɗaya ta yi kaɗan.

Waƙar Almasihu a Dablin

Wani attajiri mai suna Charles Jennens, wanda ba ya karɓar ko kwabo a kan rubutunsa, ya tsamo ayoyi daga Littafi Mai Tsarki ya jera su kashi uku bisa imanin Kirista: annabci da haihuwar Almasihu, sannan wahalarsa da mutuwarsa da tashinsa, sannan tashin matattu. Handel ya fara sa musu kiɗa ranar 22 ga Agusta 1741, ya gama ranar 14 ga Satumba, wato kwana 24, a shafi 259. Sunan aikin Messiah, wato Almasihu. Saurin bai zama abin mamaki ba ga wanda ya san shi, domin haka ya saba aiki, kuma wasu amsoshin ya ɗauko karinsu ne daga waƙoƙin soyayya na Italiyanci da ya tsara 'yan makonni kafin nan.

A Nuwamban 1741 ya isa Dablin, babban birnin Ailan, bisa gayyatar wakilin Sarki. Ya yi shirye-shirye 12 na masu biyan kuɗi tun gaba, duk suka cika. Sannan aka shirya rera Almasihu don taimakon ƙungiyoyi uku: asibitoci biyu, da ƙungiyar da ke biya wa fursunoni bashi. A wancan zamani wanda ya kasa biyan bashi gidan kaso ake kai shi, ya zauna har sai an biya, ko da kuwa kuɗin kaɗan ne. Mawaƙan amshi daga manyan coci biyu na birnin aka aro su, maza 16 da yara maza 16. Shugaban ɗaya daga cikin cocin, marubucin nan Jonathan Swift, da farko ya ƙi yarda mawaƙansa su shiga harkar gidan kiɗa, daga baya ya sassauta.

Zauren da ke titin Fishamble na mutum 600 ne. Sai aka sa sanarwa a jarida ana roƙon mata kada su sa siket ɗin nan masu faɗi da ake sa wa ƙawanya a ciki, maza kuma su bar takubbansu a gida. Da haka mutum 700 suka samu wuri ranar 13 ga Afrilu 1742. Aka tara kusan fam 400, kowace ƙungiya ta samu fam 127, kuma da kason fursunoni aka fitar da mutum 142 daga kurkukun bashi.

Wadda ta fi taɓa zuciyar mutane a ranar ita ce Susannah Cibber, 'yar wasan kwaikwayo da ta baro Landan bayan rikicin aurenta ya kai kotu ya zama abin tsegumi. Burney ya bayyana muryarta a matsayin siririya ƙwarai, amma ya ce yadda take furta kalmomi yana ratsa zuciya fiye da gwanintar waɗanda suka fi ta murya. Handel ya san iyakarta, ya daidaita waƙar da muryarta. Ita ta rera ɓangaren da ke bayanin yadda aka raina Almasihu aka wulaƙanta shi, kuma ana ba da labarin cewa wani limamin coci ya miƙe cikin taron ya roƙa mata gafara.

Sukar da aka yi a Landan

Da ya kawo aikin Landan a Maris 1743 sai aka tarbe shi da sanyi. Kwana huɗu kafin ranar, wani ya rubuta wasiƙa a jarida da sunan aro yana tambayar ko gidan wasa wuri ne da ya dace da kalmar Allah, kuma ko 'yan wasan kwaikwayo sun cancanci su rera ta. Saboda gudun rigima ba a ma sa sunan aikin a talla ba, an dai ce sabuwar waƙar addini ce. Shi kansa Jennens bai gamsu ba. Ya rubuta wa wani abokinsa cewa Handel ya yi gaggawa, kuma ya yi ta matsa masa ya gyara wuraren da yake ganin sun yi rauni. Har yau masu suka suna nuna wuraren da nauyin kiɗa ya faɗa kan gaɓar kalmar da ba ita Bature ke dannawa ba, musamman inda aka ɗora Turanci a kan karin Italiyanci. Labarin nan da ake yawan bayarwa cewa Sarki George na 2 ya miƙe tsaye da aka zo amshin Halleluya, babu wata shaida daga lokacin da ta nuna ma ya halarta. An dai fara samun ambaton tsayuwar jama'a a rubuce a 1756, kuma al'adar ta ɗore.

Bayan 1743 aikin ya yi shekaru ba a cika rera shi ba. Abin da ya tashe shi shi ne gidan marayu da jariran da aka yasar, wanda Thomas Coram ya kafa a Landan a 1739. Handel ya ba ɗakin ibadar gidan kyautar ogan, kuma ranar 1 ga Mayu 1750 ya jagoranci Almasihu a can don tara wa yaran kuɗi. Jama'a suka yi yawa har aka mayar da wasu masu tikiti, dole aka sake bayan mako biyu. Da waƙar ta koma ɗakin ibada, kuɗinta kuma ya tafi ga marayu, sai bakin masu suka ya mutu. Daga nan kowace shekara ake yi, kuma kafin mutuwarsa ya tara wa gidan kusan fam 7,000. Takardar biyan kuɗi ta 1754 tana nan, ta nuna 'yan amshi 19, manyan mawaƙa biyar, da makaɗa ƙasa da 40. Kuma kusan duk shekara sai ya sauya wani ɓangare don ya dace da muryar mawaƙin da ya samu.

Makanta da mutuwa

Ranar 13 ga Fabrairu 1751, yana tsakiyar rubuta oratoriyonsa na ƙarshe mai suna Jephtha, ya rubuta da Jamusanci a ƙasan shafi cewa ya dakata saboda idonsa na hagu ya yi rauni. Ya lallaɓa ya gama a watan Agusta. An yi masa aikin ido bai yi amfani ba, zuwa 1753 ya makance. Duk da haka ya ci gaba da kaɗa ogan da ka a gaban jama'a. Ranar 6 ga Afrilu 1759 ya halarci rera Almasihu, ya koma gidansa na titin Brook inda ya zauna tun 1723, ya kwanta. Ya mutu ranar 14 ga Afrilu yana da shekara 74. Mutum kusan 3,000 suka halarci binne shi a cocin Westminster.

Bai taɓa aure ba. Ya bar dukiya ta kusan fam 20,000, mafi yawanta ga 'yar 'yar'uwarsa a Jamus, ya yi wa barorinsa wasiyya, ya bar fam 1,000 ga asusun taimakon makaɗan da tsufa ko talauci ya kayar, gidan marayu kuma ya bar masa cikakken kwafin Almasihu don a ci gaba da rerawa.

Gardamar da ta biyo baya

Bayan mutuwarsa sai aka shiga gasar yawa. A 1784 mutum sama da 500 suka rera waƙoƙinsa a Westminster. A 1789 Mozart ya ƙara wa Almasihu kayan busa a Biyana don ya dace da kunnen zamaninsa. A 1859, cikar shekara 100 da mutuwarsa, mawaƙa 2,765 da makaɗa 460 suka taru a zauren Crystal Palace na Landan. Marubuci George Bernard Shaw, wanda ya yi aikin sharhin kiɗa a jarida, ya yi ta sukar wannan, yana neman a rera aikin da mutane kaɗan ƙwararru ko da sau ɗaya ne. Dalilinsa a fili yake. Handel ya rubuta wurare da murya ke gudu a kan gaɓa ɗaya da sauri, kuma mutum dubu biyu ba za su iya gudu tare ba sai an rage sauri, idan aka rage kuma kiɗan ya yi nauyi, kalmomi su nutse cikin ƙara.

A ƙarni na 20 masana suka koma kan takardun asali. A 1980 Christopher Hogwood ya fitar da faifan Almasihu bisa tsarin 1754 na gidan marayu, da yara maza a amshi da kayan kiɗa irin na da. Masu son taro su ma suna da hujja. Manyan ƙungiyoyin amshi su suka kai waƙar ga ma'aikatan masaƙu da talakawa a arewacin Ingila, irin ƙungiyar Huddersfield da aka kafa a 1836, kuma ta bazu har cocin Accra da Legas da Yawunde, inda aka fi jin ta lokacin Kirsimeti, ko da yake shi Handel gab da Ista yake rera ta. Su kuma masu bin tsarin da, an soki wasunsu da yin sauri fiye da kima har waƙar ta rasa natsuwa.

Saboda haka mai sharhi na gaskiya idan ya zauna sauraro, abin da ya fara dubawa shi ne ko ana jin kalmomin. Sai ya duba ko kashi huɗu na muryoyin amshi suna fitowa daban-daban ko sun cakuɗe, ko makaɗa sun danne mawaƙa, ko saurin ya dace da ma'anar ayar, da kuma ko adon da mawaƙi ya ƙara ya taimaki maganar ko nuna kansa kawai yake yi. Da wannan ma'auni ne muryar Susannah Cibber, duk da ƙanƙantarta, ta samu yabon da taron dubbai na Crystal Palace bai samu ba a wurin masana.

Zauren titin Fishamble ya daɗe da rushewa, ƙofar shigarsa kawai ta rage. Amma ranar 13 ga Afrilu mawaƙan Dablin kan taru a kan titin, a fili, su rera ɓangarorin waƙar ga duk mai wucewa, ba tikiti.